Lauyanmu ya riƙe kuɗin gidan gado: ina zan fara kai ƙara?

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da lauyanmu ya sayar da gidan marigayi mahaifinmu a Kano, mai saye ya tura naira miliyan 18 asusunsa, amma har yau magada ba su ga ko kwabo ba. Duk sanda na je ofishinsa sai sakatariya ta ce Barista yana kotu, alhali motarsa tana ƙofa. Ina riƙe da yarjejeniyar ciniki da shaidar banki. Shin reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta NBA zan fara tunkara, ko kuwa kai tsaye kwamitin ladabtar da lauyoyi na LPDC da ke Abuja? Kuma idan aka soke sunansa, kwamitin zai tilasta masa ya dawo da kuɗin, ko sai na shigar da wata ƙara daban a kotu?