Bindigar Kamfani da Harbin Babban Nama daga Nesa

A kan tambayar ko bindigar kamfani, wato wadda aka saya yadda ta fito daga masana'anta ba wadda aka ƙera wa mutum musamman ba, ta isa harbin babban nama daga nesa, yawancin maharban da suka yi magana sun yarda ta wadatar, muddin harsasan da ta harba suna faɗawa wuri guda cikin faɗin inci 1 daga nisan yadi 100. Bindigogi masu cin harsasai irin su .30-06 da .300 Winchester Magnum ba su rasa ƙarfi ba. Shawararsu: a gwada harsasai iri-iri, kowace bindiga da abincinta, sannan kar a yi rowar kuɗin madubin saiti da na'urar auna nisa.

Ni iska ce ta fi damuna. A yadi 400, iska ko da ba mai ƙarfi ba takan karkatar da harsashi kusan ƙafa guda, ya bar huhu ya faɗa tumbi, dabba ta shige kurmi tana zubar da jini. Wanda bai gwada hannunsa a wannan nisa ba, ya lallaɓa ya matso.