Kashin yawo a gonaki da burtali: me kuka gani a wajenku?

Manomi daga Madarunfa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A daminar bana kashin yawo, ciyawar nan mai ƙaya, ya mamaye gefen gonata ta gyaɗa da ke kusa da burtali, har ya shiga cikin kunya. Da muka zo ɗaurin harawa, ƙayarsa ta cika dammunan, yara suka kasa ɗauka da hannu. Ina roƙon duk wanda ya yi fama da shi ya faɗa mana yadda ya yi.

Makiyayi daga Dakoro:
Wa alaikumus salam Malam. Dabbobi ne suke kawo maka shi, domin ƙwayarsa tana da ƙaya mai ƙugiya da wasu dogaye guda biyu a kai, tana manne wa gashin tunkiya da jelar saniya, ta faɗo a inda garke ya kwana. Karangiya ma tana mannewa, amma ita dabba tana cinta tun tana ɗanya, shi kuwa ko akuya ba ta kula shi, shi ya sa yake yawaita a wurin da kiwo ya cinye sauran ciyawa. Ragona ya yi ɗingishi, da na ɗaga ƙafar sai na tarar da ƙwayar ta shige tsakanin kofato, wurin ya kumbura. Yanzu kowace yamma sai na duba ƙafafunsu.

Malamin gona daga Maradi:
Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, kuma danginsu ɗaya da shuwaka da tazargade. Ku lura da inda reshe ya rabu biyu, a nan ƙaramin furensa mai ruwan ɗorawa yake fitowa, daga baya 'ya'yan su jeru kamar tauraro. Shekara ɗaya yake rayuwa, da iri kawai yake yaɗuwa, saboda haka a sa masa hauya tun noman farko, kafin ya yi fure. Wanda ya riga ya yi ƙaya a tara shi a ƙone, kada a zuba shi cikin taki.

Wata uwa daga Tibiri:
Kakata tana dafa ganyensa don shawara, amma ni na fi son a fara kai mara lafiya asibiti.

Manomi daga Madarunfa:
Na gode ƙwarai. Zan yi magana da maƙwabtana mu share bakin burtalin tare, tunda iri daga can yake shigowa.