Auna kaurin fata: in biya kuɗin kwas a Turai ko in koya a gida?

Ƙaramin Rijistara: Assalamu alaikum. Shekarata biyu ke nan ina horon ƙwarewa a cututtukan gaɓoɓi. Muna da mata uku masu sikiloroderma, ciwon da ke sa fata kauri da tauri. Makon jiya na auna ɗaya da ma'aunin Rodnan, wanda ake auna kaurin fata da yatsu, na samu 22, abokin aikina ya shiga bayana da minti goma ya fito da 31. Mace ɗaya, safiya ɗaya! Yanzu ina tsakanin biyu: in tara kuɗi in je kwas ɗin EUSTAR, ƙungiyar masu binciken wannan ciwo, a Turai, ko in nemi wata uku wajen wani babban likita a kudu da ke yawan ganin masu ciwon. Wanda ya taɓa yin ɗaya daga ciki ya taimaka.

Abu Hanif: Wa alaikumus salam. Sauƙi ne ai. Wurare 17 a jiki, kowanne maki daga 0 zuwa 3, jimla 51. Ka haddace kawai.

Ƙaramin Rijistara: Yallaɓai, haddar na yi ta. Yatsun ne ba su yi ba.

Tsohon Hannu: Ɗana, kafin ka sayi tikiti, tambayi abokinka a zaune ya auna ta ko a kwance. In tsoka a miƙe take, fatar cinya sai ta ji maka kamar ƙirgi. Kwantar da ita, jiki ya saki, ka kamo fatar da babban yatsa da manuni ka ɗan murza. In ta naɗu har da ƴan tamoji, 0. In ta ƙi kamuwa sam, 3. Rigimar duk tana tsakanin 1 da 2. Kuma kauri daban, mannewa da naman ƙasa daban, kumburin farkon ciwo daban. Shi kansa Rodnan, likitan da ya fara ƙirƙiro ma'aunin a Pittsburgh ta Amurka, sai da ya gwada abin da yatsunsa suka ji da nauyin fatar da aka yanko. Ko a manyan bincike, likita ɗaya ake so ya riƙa auna mutum ɗaya daga farko har ƙarshe.

Likitan Ƙauye: Wato dai yadda ake latsa rago a kasuwar layya. Ku turo min shi kara, kwana biyu ya ƙware.

Umman Sadiq: Ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, amma bari in faɗa. Yayata ce ta yi wannan ciwo. Da hunturu yatsunta suka fara zogi suna yin toka-toka, muka ce sanyi ne. Wuya da goshi suka yi ɗigo-ɗigon fari, dangin miji suka ce kuturta, wasu suka ce sammu. Zoben aurenta da maƙeri aka yanke shi. Bakinta ya tsuke har lomar tuwo sai an gutsura mata. A wani asibiti aka ɗora ta kan firedinisolon, maganin rage kumburi, mai yawa, ba wanda ya taɓa fatar hannunta, balle ya ce mu riƙa auna hawan jini a gida. Wata biyu jini ya hau, fitsari ya ɗauke. Ku je Turai, ku je kudu, ni dai ku riƙa taɓa mara lafiya.

Tsohon Hannu: Allah ya jiƙanta da rahama. Daga miligiram 15 na firedinisolon a rana zuwa sama haɗarin ƙoda ke ƙaruwa, musamman ga wanda kaurin ya haura gwiwar hannu ya kai ƙirji cikin sauri. Amfanin awon ke nan.

Abu Hanif: Amin. Kwas ɗin dai wani abokina ya je, ya ce da biza da masauki ya haura miliyan uku.

Dakta B: Wace shekara? Tikiti kaɗai yanzu ya kusa cinye wannan. Ni tallafi na samu, ban biya rajista ba. Sai dai duk waɗanda muka auna fararen fata ne.

Abu Hanif: Kauri ake aunawa ai, ba launi ba.

Dakta B: Kai ka taɓa aunawa, ko abokinka ne ya ba ka labari?

Abu Hanif: Cif, a yi haƙuri. Mu ma mun ci jarrabawa.

Umman Sadiq: Ku kuna ta Turai, firedinisolon ɗin nan a kemis yarinya za ta saya ba takarda. Ga ƴan sha-ka-fashe kuma, na ƙiba kafin biki.

Likitan Ƙauye: Kada ki tono min wannan. Jiya aka kawo min amarya fuska kamar faranti, suga ya hau. Mai kemis ɗin ma ƙanin maigari ne, wa zai kai ƙara?

Ƙaramin Rijistara: To batun tafiyata fa?

Likitan Ƙauye: Dakata tukuna. Umman Sadiq, ku ma a wajenku a leda suke ƙulla shi, ko da kwalinsa?