Tattaki da ciwon suga: shawarwarin da aka tattara a Tudun Wada

A wata hira da masu ciwon suga suka yi a Tudun Wadan Zariya, an fi daɗewa a kan lokacin fita. Yawancinsu sun ce tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci, musamman tuwon dare, ita ce mai amfani, domin tsokar ƙafa na zuƙe sugan jini daidai lokacin da yake hauhawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Wani dattijo ya ce shi kam ya ajiye babur, da ƙafa yake zuwa masallaci.

Inda aka fi jan kunne, kuma da gaskiyarsu, shi ne ƙafa. Ciwon kan kashe jin ƙafa, ƙusa ta soki mutum bai sani ba. Ban da silifas, a sa takalmi rufaffe, a duba tafin ƙafa kullum da dare, a shafa mai lokacin hunturu saboda faso.

Mai allurar insulin ya riƙe dabino a aljihu. In ya ji rawar jiki da gumi, suga ne ya faɗi, ya ci nan take. Rage magani kuwa sai da izinin likita.