Muna son fara yin cakulan a Sefwi, ta ina za mu soma?

'Yar Zango: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni haifaffiyar zangon Sefwi Wiawso ce. Babana ya tsufa yana abusa a gonar koko, kashi ɗaya nasa, biyu na mai gona. Mu mata ne ke fasa kokon nan, mu shanya shi, amma 'ya'yanmu ba sa ɗanɗana cakulan sai wani ya dawo daga Kumasi. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni da matan da muke adashi tare muna son mu riƙa sarrafa shi a nan garin, ribar ta zauna hannunmu. Za mu iya saye kai tsaye daga manoma? Wane inji ake bukata?

Tsohon Ma'auni: Wa'alaikumus salam 'yata. Kafin maganar inji, ki san cewa a Ghana koko ba kamar masara ba ne da za ki tare a bakin gona. Cinikinsa yana hannun COCOBOD, hukumar koko ta ƙasa: kamfanoni masu lasisi ne ke saye, buhu kilo 64, a farashin da gwamnati ta yanke, masu sarrafawa kuma su saya daga CMC, reshenta na sayarwa. Ku yi wa ƙungiyarku rajista, sannan ku je ofishinsu ku nemi bayani. Ki duba Kuapa Kokoo, ƙungiyar da manoman koko suka kafa a 1993. A 1998 suka shiga da hannun jari aka kafa kamfanin cakulan mai suna Divine, amma a Jamus ake haɗa cakulan ɗin. Naku da za a yi a gida ya fi burge ni.

Hajiya ta Tema: Ƙanwata, zafi da dumso, wato yawan ɗauke wuta, su ne za su fi ba ku wahala. Cakulan na narkewa kusan a zafin jikin mutum, injin niƙa na dutse kuwa yakan kwana yana juyi. Wuta ta ɗauke a tsakiya, aiki ya tsaya. Da ni ce, da garin koko na shayi zan fara, da sabulun alata, wato baƙin sabulu, daga tokar ɓawon kokon da ake zubarwa. Kada ku sa komai a kasuwa sai da rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna.

'Yar Zango: Na gode Baba, na gode Hajiya. Sabulu dama muna yi. Amma cakulan ɗin nake so, ko da ƙanana ne na ƙofar makaranta.

Tsohon Ma'auni: To ki sa ido kan rufin da ake yi wa 'ya'yan koko bayan an fasa, don su tsimu. Kwana shida a cikin ganyen ayaba, ana juyawa, sannan shanya a kan tabarma har ya yi ƙaras a hannu. Wanda aka yi wa gaggawa, in kin tsaga shi za ki ga cikinsa ruwan toka ko shunayya, ba sukarin da zai ɓoye baurinsa. Babanki ya fi ni sanin wannan, shi za ku ɗora a kan tantancewa, ku kuma biya shi.