Sabuwar Bindigar Farauta Tana Watsa Harsashi: Abin da Maharba Suka Ce

Wani maharbin barewa a Amurka ya koka cewa sabuwar bindigarsa tana watsa harsashi, wato ba ya faɗawa wuri ɗaya, a nisan yadi 100. Tsofaffin hannu suka ce kada ya yi saurin zargin bindigar.

Yawancinsu sun fara da sukurorin madubin hange da na ƙota, domin in ɗaya ya yi sako-sako, saiti ya tashi aiki. Sai maganar harsashi, inda aka fi daɗewa. Kowace bindiga da irin wanda take so, don haka suka ce ya gwada harsasan kamfani uku ko huɗu masu nauyi daban-daban, yana harba biyar-biyar, bindigar tana ɗore a kan buhun yashi, yana barin bututun ya huce tsakani. Idan biyar suka taru cikin inci 1, to madalla.

Wani ya shawarce shi ya zura takardar kuɗi tsakanin bututu da ƙota. In ta maƙale, katakon yana taɓa ƙarfen, a kai wa mai gyara.

Ni dai na fi yarda da wanda ya ce laifin yatsa ne: a matsa kunama a hankali, kada a fizge ta.