Asterisk ya cika min log da kukan PostgreSQL, me zan kashe?

Mai Otal: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Asterisk 20, manhajar da ke haɗa wayoyin otal ɗina, a wata tsohuwar kwamfuta, layi 14 na ɗakunan baƙi. Duk sanda na kunna sai ya yi ta kukan ya kasa haɗuwa da PostgreSQL (wata manhajar ajiyar bayanai), alhali ni ban taɓa saka shi ba. Bana amfani da FreePBX, shafin da ake sarrafa Asterisk ta burauza. In sa autoload=no a modules.conf (fayil ɗin da ke zaɓar sassan Asterisk da za su tashi) in lissafo abin da nake so, ko in bi ɗaya-ɗaya in kashe da noload?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Shiga FreePBX ka kashe daga can.

Mai Otal: Malam, na ce bana amfani da shi.

Baban Hanifa: Alhaji, don Allah ka bi a hankali. Ni haka na yi a wani ofis da nake kula da wayoyinsu. Na ga res_odbc, sashen da ke haɗa Asterisk da ma'ajiyar bayanai ta hanyar ODBC, yana ta surutu, na sa masa noload. Kira na shiga, kira na fita, lafiya lau. Ashe cdr_adaptive_odbc da ke rubuta tarihin kira a kansa ya dogara. Sai bayan sati uku, da kuɗin waya ya zo da yawa, oga ya ce in fito da wanda ya kira wa. Na buɗe, wayam. Ko Master.csv, fayil ɗin tarihin kira, babu, don cdr_csv da ke rubuta shi ma na kashe shi tun farko. A gaban yarana aka ce ni na goge don in rufa wa wani asiri. Aikin shekara huɗu ya tafi, har yau abin na ci mini rai.

Hajiya Mai Kanti: Allah Ya mayar da alheri. Ni dubu 15 na ba wani yaro ya gyara min.

Ɗan Sabon Gari: Dubu 15? Ni dubu 60 aka caje ni, ban da kuɗin mota.

Injiniya: Alhaji, bar autoload=yes. Kwafi modules.conf ka ajiye, sannan ka sa noload ga res_config_pgsql.so, cdr_pgsql.so da cel_pgsql.so kawai. In ka sa autoload=no ka manta res_rtp_asterisk.so, mai ɗaukar murya, ba kiran da ke bi ta network da zai yi aiki.

Baban Hanifa: Da ka taɓa rasa aiki a kai ba za ka ce "kawai" ba.

Injiniya: Yaya, naka ODBC ne, nasa PostgreSQL. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan Auta: Ku jira a ɗauke wuta, duk za su kashe kansu kyauta 😂

Hajiya Mai Kanti: Ni abin da ya fi damuna, yaron nan ya bar min port 5060, ƙofar da kira ke shigowa ta intanet, a buɗe, ko fail2ban mai toshe masu kutse bai saka ba. Dare ɗaya aka cinye kuɗin layina da kiran ƙasashen waje. Na kira shi, wai ba ya cikin dubu 15 ɗin.

Ɗan Sabon Gari: Ni na dubu 60 ɗin ma bai saka ba. Wa ya san yadda ake duba ko a rufe yake?